Wake Daga Kaka Zuwa Bazara: Nazarin Lamarin Wata Manomiya a Kudancin Maraɗi

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya bi sawunta tana zaune a wani ƙauye kudu da birnin Maraɗi, kusa da hanyar da ta ratsa Ɗan Isa ta shiga Jibiya. Ita ce uwargida a gidan mijinta. Ban da aikin da take yi a gandu, tana da gamanarta, wadda ba ta cika hekta ɗaya ba, inda take shuka gero da wake a haɗe. In damina ta yi kyau takan samu tiya 100 zuwa 120 na wake bayan sussuka, wato buhu biyu da rabi zuwa uku, tunda tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Geron na tukunya ne. Waken kuwa shi ne kuɗinta: da shi take yin biki, da shi take sayen sabulu da maganin yara, da shi take tara kayan ɗakin ƴaƴanta mata.

Rashin mai saye bai taɓa damunta ba. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma mai yawa daga abin da ake nomawa a jihar Maraɗi yana ƙetare iyaka ne zuwa kasuwannin Katsina da Dawanau ta Kano. Lokacin sayarwa shi ne damuwar. A watannin Oktoba da Nuwamba kowa na roro, kowa na kai wa kasuwa, tiya ta faɗi warwas. Daga nan sai ta dinga hawa har bazara, kuma a shekaru da yawa kuɗin tiya ɗaya a watan Mayu yakan kai na tiya ɗaya da rabi, wani sa'in biyu, na kaka. Wanda ya iya riƙe wakensa wata shida shi ke cin wannan bambanci. Ita ko wata uku ba ta iya riƙewa.

Ƙwarin wake ne sanadi, kuma tun daga gona yake biyo kaya. Macen ƙwaron tana saka ƙwai a jikin ƙowa ko a kan ƙwayar waken, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta yi ta ci daga ciki har ta girma ta fito, ta bar huji. A irin zafin ƙasarmu wannan zagaye ba ya wuce mako huɗu, kuma kowace mace tana saka ƙwai gomiya-gomiya. Buhun da aka ɗaure a Nuwamba yana sheƙi, kafin Fabrairu in ka zura hannu ciki sai ka ji ɗumi, ka fito da tafin hannu duk gari, ga wani warin da mai ƙosai ke ganewa tun daga nesa.

2004 zuwa 2005: bashi ya shigo

Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa, fara kuma ta faɗa wa wasu sassan ƙasar. Abin da ya biyo baya a 2005 mutanen Maraɗi ba su manta ba: hatsi ya yi tsadar da talaka bai iya kaiwa, cibiyoyin likitocin nan Na-gari-na-kowa, MSF, suka cika da yara masu tamowa. Ɗan waken da matar ta samu a kakar 2004 tun Nuwamba ta sayar da shi. Da Yuni ya kama, babu gero a rumbun gandu, sai ta karɓi falle a hannun wani ɗan kasuwa na garin da ke maƙwabtaka da su: hatsi yanzu, biya da wake a kaka, a kan farashin kaka.

A Nuwamban 2005 ya zo da jakinsa da tiyarsa, ya auna kusan rabin abin da ta rora. Ragowar bai kai ta Yuni ba, ta sake komawa wurinsa. Daga wannan shekara matsalar ta zama biyu a ɗaure da juna. Ƙwaro na tilasta mata sayarwa da arha, arhar na tura ta ga bashi, bashin kuma na kwashe waken tun kafin ƙwaro ya samu nasa.

2006 zuwa 2007: toka, rairayi da ƙwaya

Ta fara da abin da ta gada. Ta tankaɗe toka ta gauraya da wake a tulu, ta liƙe bakin da laka. Wannan ya yi aiki, don toka tana cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin ta hana ƙwaro motsi, amma sai tokar ta kai yawan waken kanta. Tiya biyar na iri ta iya tsarewa haka. Gidan da ke girki da kara ba shi da inda zai samo tokar buhu uku. Rairayi ya yi nauyi, masu saye kuma suka riƙa rage mata kuɗi saboda tsakuwa. Barkono da ganyen dogon yaro sun ɗan jinkirta ɓarnar, ba su hana ta ba.

A kakar 2007 ta sayi ƙwayar nan ta kashe ƙwari, fostoksin, a hannun wani mai tebur a kasuwar mako. Ƙwayoyi uku ya ƙulla mata a leda, babu takarda, babu bayani illa ta naɗe kowace a tsumma ta tura tsakiyar buhu. Ta yi yadda ya ce, ta jingine buhunan a ɗakin da take kwana da ƙananan yaranta. Ƙwayar in ta sha danshin iska tana fitar da wata iska mai guba, kuma an yi ta ne don rumbun da ke rufe ruf, wanda ba kowa a ciki. Buhun saƙa ba ya riƙe iska. A dare na biyu yaran suka tashi da ciwon kai da amai, aka kai autan likita a kan amalanke. Allah ya sa da sauran kwana. Ta fitar da buhunan zuwa rumfa, kuma zuwa watan Maris sababbin ƙwari sun sake shiga, tunda gubar ta riga ta fice kuma babu abin da ya tare su.

Ba ita kaɗai ke wannan kasada ba. Akwai masu zuba ruwan maganin feshi kai tsaye a kan wake, kuma sauran irin wannan magani da aka yi ta samu a kaya ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015. Waken da aka zuba wa maganin, mu ne muke cinsa a ƙosai da ɗan wake.

2008 zuwa 2009: buhu mai uku ya zo gari

A kakar 2008 wani malamin gona ya zo ƙofar maigari da buhun da ake kira PICS. Asalin dubarar daga aikin da Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ya yi ne tare da masu bincike a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka fara yaɗa ta gadan-gadan a Afirka ta Yamma da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, na nan Maraɗi, cikinsu har da masanin ƙwari Ibrahim Baoua, suna cikin waɗanda suka gwada ta a rumbunan manoma. Buhun hawa uku ne: leda biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sannan buhun saƙa a waje don ɗauka da kariya. Babu magani ko kaɗan.

Maigidan matar ya yi tambayar da ke zuciyar kowa. "Malam, ƙwaron da ke huda ƙwayar wake, leda ce za ta gagare shi?"

Malamin bai yi musu ba, ya nemi masu sa kai. Matar ta kawo tiya 20. A gaban jama'a ya hura iska a kowace leda ya matse don a ga babu huji, ya zuba waken yana girgizawa har ya zauna, ya matse iskar da ta rage, ya murɗe bakin ledar ciki ya lanƙwasa ya ɗaure, ya yi wa ta biyu haka daban, sannan na waje. Ya ce mata, "Inna, abu ɗaya nake roƙo, kada a kwance shi sai na dawo."

"To ɗana, in ya lalace fa?"

"In ya lalace ni zan biya."

A Afrilun 2009 aka kwance buhun a wuri ɗaya da aka ɗaure shi. Waken ya fito yadda ya shiga, sai ƴan matattun ƙwari a gindi. Aka ɗebo na wani maƙwabci da ya kwana a buhun saƙa aka ajiye gefe da gefe a faifai biyu, ba wanda ya ƙara tambaya.

Yadda abin ke aiki yana da ban sha'awa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata ne mai raya jiki, wato oksijin. Da an rufe buhun, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye shi, sai su daina ci, su daina haihuwa. Daga baya Murdock da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙishirwa ce ke ƙarasa su, domin ƙwaron da ke zaune cikin busasshiyar ƙwaya daga abincinsa yake sarrafa ruwan jikinsa, kuma ba ya iya yin haka in babu oksijin. Leda ta biyu tana nan ne saboda ranar da ta farko za ta samu rauni.

2009 zuwa 2010: kaka biyu na asara

Daminar 2009 ba ta yi kyau ba, tiya 70 ta samu. Ta nemi buhun a kasuwar mako ba ta samu ba, sai a cikin Maraɗi ake sayarwa, kuma kuɗin mota zuwa da dawowa ya kusa kuɗin buhun. Sai Disamba ɗanta ya je, lokacin ƙwari sun riga sun yi wata guda suna aiki. Ya samo na gaske guda ɗaya. Na biyun wani mai shago ne ya haɗa masa da farar leda sirara, ya ce duk ɗaya ne.

Siririyar ledar ƙwari suka huda ta kafin wata biyu. Na gaskiyar kuma ya gamu da abubuwa uku. Ta haɗa bakin ledojin biyu ta ɗaure su tare da igiya ɗaya. Ta jingine shi a bango, a ƙasa, ɓera ya ɓalle masa kusurwa. Sannan duk mako takan kwance ta ɗebi tiya ɗaya ta girki, don babu wani waken a gidan, kuma kowace kwancewa sabuwar iska ce ga ƙwarin da suka fara galabaita. Ko da babu duk wannan, mai falle ya zo a Janairu, ta sayar da abin da ya rage ta sallame shi.

A 2010 ruwa ya yi yawa, har da ambaliya a sassan ƙasar. Wake ya yi kyau, tiya 110, amma tsoron ƙwari ya sa ta yi gaggawar ɗaurewa kwana biyu bayan sussuka. Leda da ta hana iska shiga ta hana danshi fita. Da ta kwance a Maris, saman buhu ɗaya ya dunƙule ya yi fumfuna, ta zubar da kusan tiya goma, sauran ta sayar a rage. A ƙarshen wannan shekara mata da yawa a garin sun yanke cewa buhun na malamin gona ne, a hannunsa kaɗai yake aiki.

2011 zuwa 2013: gyaran da asusu ya yi

Matar tana cikin ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, inda mata ke zubi duk mako a akwati su riƙa ba juna rance. A wani zama kafin kakar 2011 ta kawo maganar buhun, kowace ta faɗi yadda nata ya lalace, sai aka ga kusan duk hanya ɗaya asarar ta biyo.

Suka fara da saye. Tun watan Satumba, kafin roro, aka cire kuɗi daga akwati aka aiki mutum ɗaya Maraɗi ya sayo na kowa a tafiya ɗaya, daga wurin da malamin gona ya nuna. Kowane buhu ya kama jikka ɗaya ta sefa da ɗan abu. Wajen bushewa suka daina dogara da ido: a zuba busasshen gishiri da ɗan wake a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, wake ya koma rana. Aka jera itace a kan duwatsu aka yi dakali, nesa da bango.

Maganar kwancewa ta fi wuya, domin ba a cewa mace ta zuba wa wake ido yaranta na jin yunwa. Wata tsohuwa a cikinsu ce ta kawo mafita. Tsofaffin jarkunan man girki masu lita 20 suna nan a kowane gida. A wanke, a shanya su bushe ƙarau, a cika da wake har wuya, a sa ƴar leda a baki a murɗe marfin. Hikimar ɗaya ce da ta buhun, sai dai jarka ƙarama ce, ɓera ba ya iya ta, kuma in an buɗe ta ana cinye abin da ke ciki kafin ƙwari su farfaɗo. Waken gida ya koma jarka, na kasuwa ya zauna a buhu ba mai taɓa shi.

Saura falle. Suka ari ɗaki a gidan shugabar ƙungiya, suka sa masa kwaɗo biyu, mabuɗan a hannun mata biyu dabam. Duk wadda ta kawo buhu aka ajiye, asusu zai ranta mata kusan rabin kuɗinsa na kaka, ta biya bayan ta sayar a bazara. Tsarin ya yi kama da warantaj, wato jinginar da hatsin da aka ajiye don karɓar rance, wanda aka shigo da shi Nijar tare da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙarshen shekarun 1990, sai dai nan babu banki. Wasu mata suka ƙi shiga don gudun riba. Aka kai maganar gaban limamin gari, aka tsaya a kan rance ba ƙari, da kuɗin ajiya tsayayye a kan kowane buhu, ko an ranta ko ba a ranta ba, wanda zai koma akwati.

Daminar 2011 ta yi ƙaranci, tiya 60 kawai matar ta samu. Ta ɗaure 40 a buhu, ta cika jarkuna da sauran, ta karɓi rancen asusu ta ƙara da kuɗin akuya ɗaya ta biya ɗan kasuwan tsabar kuɗi. A Mayun 2012, shekarar da abinci ya yi tsada a yankin Sahel, aka kwance buhun babu huji, ta sayar a kusan ninkin farashin kaka. Ta biya asusu, ta sayi gero. Wannan ce damina ta farko tun 2005 da ta shiga ba da falle a kanta ba. Irin da ta ajiye a jarka ya tsiro lafiya. A 2013 buhunan farko suna kaka ta uku suna aiki, an liƙe ƙananan hujinsu da salatif.

2019 zuwa 2024: iyaka

A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ta Jibiya ba a sake buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Masu sayen da suka saba zuwa da mota a bazara suka ragu, tiya ba ta hau a garin yadda aka saba ba. Buhunan ma, da yake a Kano ake ƙera su, suka yi wuyar samu. A 2020 abin da matar ta samu bai wuce ya biya rance da kuɗin ajiya ba. Waken dai bai lalace ba, sai ta sauya hanya: surukarta ta fara tuyar ƙosai da safe, ita kuma ta riƙa sayar da iri tiya-tiya ga maƙwabta da ruwan shuka ya sauka. Da aka sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, haka suka sake yi ba tare da an zauna taro ba.

Hukunci

Buhun ya cancanci yabon da ake masa. Ba ya buƙatar lantarki ko karatu ko kayan gyara, kuɗinsa bai wuce na ƴan tiyoyi ba, ya raba ɗakin kwanan yara da guba, kuma hujjarsa ana ganinta a faifai. Amma kaka biyu da aka yi asara sun nuna wa aka zana wa shi tun farko: manomi mai buhu da yawa, wanda zai ɗaure kilo 100 ya manta da shi wata shida, ba mai bin sa bashi. Mace mai gamana ba haka take rayuwa ba. Abin da ya cike wannan giɓi, jarka da kwalbar gishiri da kwaɗo biyu da fatawar liman, shi ma ƙira ne, kuma matan asusu ne suka yi shi. A ganina rabin nasarar tasu ce, kuma da an zauna da irinsu tun ranar da ake yanke girman buhun da inda za a sayar da shi, da ba a yi asarar 2009 da 2010 ba.

Wannan ya shafi duk mai tunanin yadda fasaha za ta ciyar da duniya nan gaba. Jama'ar duniya sun kai biliyan 8 a Nuwamban 2022. Nijar da ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum miliyan 17 yanzu ta haura miliyan 25. Rahoton FAO na 2011 ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya yana lalacewa ko ana zubar da shi, kuma a ƙasashe irin namu tsakanin gona da kasuwa yawancin asarar take. Tiyar da aka ƙwato daga bakin ƙwaro ba ta ci sabon fili ba, ba ta ci taki ko ƙarin ruwan sama ba. A kudancin Maraɗi, inda gona ke ƙara tsukewa duk rabon gado, da wuya a samu hanyar ƙara abinci da ta fi wannan sauƙi.

Akwai abubuwan da har yanzu ba a warware ba, kuma suna damuna. Buhun na gaske bai zama kayan da ake samu a kasuwar mako a watan Satumba ba, ga masu haɗa na bogi suna nan. Ledojin da suka ƙare aiki wasu na zama rufin rumfa da igiya, sauran iska ke kwasa zuwa gonaki inda awaki ke haɗiye su. Ajiya ba ta kare mace daga faɗuwar farashi in siyasa ta rufe hanya. Babbar damuwar kuma ƙasa ce: in fili ya yi wa gida kaɗan, gamanar mata ake fara janyewa a mayar gandu. Matar da aka bi lamarinta har yanzu tana da tata. Surukarta mai tuyar ƙosai ba a yanka mata ko taki ɗaya ba da ta zo gidan, kuma a cikin matasan matan da suka shiga asusun a ƴan shekarun nan, masu sayen wake a kaka su ɗaure sun fi masu nomansa yawa.